Gari Biyu, Suna Ɗaya

Shekarun baya, ina ƙaramar sakandare, yayata ta samu aiki a wani siton kayan abinci a Sabon Gari. Babanmu ne ya roƙa mata, domin ya daɗe yana tuƙa akori-kurar mai siton, wata 'yar kudu da kowa ke ce wa Madam. Aikin Yaya shi ne kula da kwamfutar da ke faɗin buhu nawa za a ɗora wa kowace mota.

Wata Asabar da rana muna ɗakinmu a Samaru, ina aikin makaranta, ita tana danne-danne. Ni a lokacin, SQL ɗin da take yawan ambata na ɗauka sunan wata hukuma ce, ashe yaren ba kwamfuta umarni ne. Da ta ga ina satar kallo, sai ta juyo min da kwamfutar.

"Ke sarkin leƙe, zo ki gani. Teburi biyu ne, wato jerin kaya biyu. Wannan na kayan Madam, wancan sabon nauyin buhuna ne da masu niƙa suka aiko. Zan haɗa su ta suna. Duk inda suna ya zo ɗaya, nauyin ya kwafu da kansa."

Ta rubuta UPDATE, ta rubuta JOIN, ta danna. Ta yi dariya ta ce ta rage wa kanta aikin yini guda, in tashi in ɗora ruwan tuwo.

Ashe idan Madam ta rubuta "gari", garin kwaki take nufi, wanda ke zuwa a babban buhu mai kilo ɗari. Masu niƙa kuwa Hausawa ne, garinsu na masara ne, a buhu mai kilo hamsin. Nan take kwamfuta ta raba nauyin garin kwaki biyu, ta ninka yawan buhunan da za a ɗora wa mota.

Abin da ya faru a sito ranar Litinin, wani ɗan dako ne ya ba mu labari a asibiti. Ya ce suna ta loda wa motar Baba garin kwaki har bayan motar ya zauna, ya ce wa Baba, "Oga direba, wannan kaya ya yi yawa fa." Baba ya zagaya ya duba tayoyi, ya tambaya wa ya ba da adadin. Ɗan Madam ya ce, "'Yarka ce mana. Ko in kira Madam in ce ta yi shirme?"

Baba ya juya ga 'yan dako. Ya ce, "Ku ɗaure igiya."

Bai wuce unguwar Hanwa ba tayar baya ta fashe, motar ta kwanta a kwalbati. Ƙafarsa ta dama, daga gwiwa aka yanke ta.

Ina tsaye bayan labule lokacin da Yaya ta durƙusa gefen gadonsa. Na lura takalmanta ba iri ɗaya ba ne.

"Baba, ka ga ya yi yawa. Me ya sa ba ka sauke ba?"

"Sabuwa ce ke a wurin. Da na sauke a gaban yaran nan, da aikinki ya ƙare ranar."

Madam ba ta kore ta ba. Yaya ce da kanta ta ce ba za ta ƙara taka siton ba. A nan na fara jin Baba ya ɗaga mata murya.

"Na bar ƙafata a Hanwa saboda aikin nan, ke kuma ki ce kin bari? Gobe ki koma aiki."

Ta koma. Ta ba kowane kaya lambarsa, ba ta sake haɗa teburi ta suna ba, kuma ba ta danna UPDATE sai ta fara duba layukan da zai taɓa.

A coci ana yawan ba da misali da Baba, wai haka uba yake. Ni ba na cewa komai, amma na ga abin da irin wannan ƙauna ke ɗora wa wanda aka yi wa ita. Har yau Yaya tana aiki a siton. Kullum ta dawo, Baba yana zaune a ƙofa da sandarsa, ya ce, "Yaya aiki?" Ta ce, "Da godiya, Baba." Sai ta wuce ta ɓangaren hagunsa, inda ƙafar da ta rage take.