Gurumin Kawu a Mahadiya

A ɗakin hayarmu na unguwar Mahadiya, a birnin Sabha, akwai wani dattijo ɗan Dogondutsi, kowa Kawu yake ce masa. A gida makaɗin gurumi ne, a Sabha kuwa ɗaukar bulo yake yi kamar mu. Da safe mukan tsugunna a unguwar Jadid tare da shi, muna jiran motar da za ta kwashe mu aikin gini. Ban taɓa jin ya yi ko kiɗan baki ba.

Wata Juma'a bayan masallaci, Bakanon da ke gyaran salula a layinmu ya nuna mana wani bidiyo. Wasu baƙaƙen fata ne 'yan Amurka, samari da mace ɗaya. Macen na riƙe da wani abin kiɗa mai fuskar fata da dogon wuya. Bakanon ya ce waƙoƙin kakanninsu ne na zamanin bauta suka tono, suka haɗa da jita da ganguna na yanzu. Zauren da suke wasan cike yake, har da Turawa, ana ta tafi.

Kawu ya karɓi salular ya kanga a kunne, sannan ya ƙura wa bidiyon ido.

"Wannan ai gurumi ne," ya ce. "Dubi yatsarta, ƙasa take dukan tsirkiyar. Haka ubana ya koya mini."

Cikin makon nan ya samo ƙwarya da fatar akuya wajen mahauta, ya ɗaura zaren kamun kifi. Siminti ya riga ya farfasa masa yatsu, amma da ya taɓa gurumin, duk muka matso kusa. Ya bi kiɗan matar nan, ya karkata shi ya koma irin na Arewa, ya sa waƙarsa a kai. Wani Bazabarme har da hawaye.

Ba a daɗe ba mai gidan ya shigo, Balarabe ne da ba ya ko sallama. Ya ce shi ma'aikata ya ba haya, ba mawaƙa ba, in ya sake ji zai kira mana 'yan sanda. Kawu mai furfura ya tashi tsaye yana ba shi haƙuri. Mu kuma muka sunkuyar da kai, don ba mai takardar zama a cikinmu.

Gurumin ya koma bayan buhun gawayi. Da lokacin daminar gida ya kusa, bulo ya faɗo wa Kawu a hannun dama, yatsu biyu suka sandare. Muka haɗu muka sa shi a motar Agadas, ya koma gida. Bai tafi da gurumin ba, ɓera ne ya cinye fatar.