Ƙulli Huɗu a Igiyar Ragaya

Jiya jikata ta jawo wata tsohuwar ragaya daga ƙasan akwatina, ta ce, "Kaka, me ya sa igiyar nan duk ƙulli?" Na karɓa na shinshina. Har yau warin hayaƙin kara bai bar ta ba.

Ragayar kakata ce, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya. A ƙauyenmu na kusa da 'Yankara, a tsakar ɗakinta take rataye da ƙwaryar fura a ciki, don kada kaji ko mu yara mu kai gare ta. Iya a gidan Maguzawa aka haife ta, shi ya sa ko bayan ta musulunta ba ta ɗaukar kaya a ka, sai a kafaɗa yadda matansu ke yi. Doguwa ce a da, ko ɗage ba ta yi take sauke ƙwaryar.

Wata damina ta ce hannunta ba ya kaiwa. Baba ya ƙara igiya ya ƙulla. Shekara ta zagayo ya sake ƙarawa, haka har sau huɗu. Iya tana raguwa a kan idonmu, ga ƙishi kamar ta shanye randa, ga yawan zagawa bayan gida, ga mantuwa. Kowa ya ce kayan kafaɗa na shekara da shekaru ne suka tanƙwara ta. Muka yarda, muka hana ta ɗaukar ko tulu, muna ganin mun yi magani.

Rannan da hantsi ta sunkuya ɗaukar faifai, faifai kawai, sai ta zauna a wurin ba ta tashi ba. Mai ɗori ya zo ya shafa bayanta, ya janye hannu. "Ƙashin nan ya zama kamar karan da gara ta ci. Ba zan taɓa shi ba."

Shekarun nan ne arzikin fetur ya shigo, ana ta shimfiɗa kwalta. Baffa, ƙanin Baba, yana tuƙa motar masu aikin titi, shi ya kai mu babban asibiti a Zariya, Iya kwance a kan katifa, ni a gefenta don jinya. Likita ya ɗauki hoton bayan, ya auna jini, ya ce ciwon a wuya yake. Wai akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu kamar na dawa a gefen maƙogwaro, ɗaya ta kumbura tana zuƙe abin da ke ƙarfafa ƙashi tana zubawa cikin jini. In ba a cire ta ba, ƙashin bayan zai yi ta karyewa har Iya ta daina tashi.

Baba ya ƙi. "Baya ke ciwo, a ce za a yanka wuya? Ba da uwata ba."

Iya ta ɗago ido a hankali. "Kai da ka ƙara igiya sau huɗu, in ka mai da ni gida haka, ƙasa za ka sauke ragayar kaji su sha furar? Bar bayin Allah su yi aikinsu."

Baffa ya yi dariya. Baba ya share ido da bakin riga, ya dangwala yatsa a takarda.

Aka yi aikin, aka cire ƙwayar. Ba a yi sati ba ƙishin ya tafi. Tashi dai ya ɗauki watanni, amma lokacin yankan dawa ta fito ƙofar ɗaki da sandarta tana yi mana faɗa a kan shara. Tsawonta bai dawo ba, sai dai ta rayu har ta yi wa ɗana na fari wanka.

Yanzu babu mai rataya fura, sai dai a sa ta a kula ko a firji. Ni kuwa da na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, na ce sai na rubuta wannan. In tsohuwarku ta ce hannunta ya daina kaiwa inda yake kaiwa, kada ku ce tsufa ne ku yi shiru, ku kai ta a auna jini.

Jikata ta ƙirga ƙullin da yatsa, ta ce, "Ina na biyar?"

Na ce babu, Alhamdulillahi. Baba bai sake ƙara igiya ba.