Hoton da Muka Aika wa Yaya Sale

Ranar wata Alhamis ce, sati biyu bayan an gama ɗaurin gero, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da azahar na tarar da mutanen gidanmu sun zagaye tabarmar Baba a gindin ceɗiya. A tsakiyar tabarmar ga wata takarda a rufe, wadda aka kawo daga bariki tun da hantsi, ba wanda ya taɓa ta. A Magariya ta wancan lokacin, gidan da ke da ɗa a soja ba ya murna da takardar bariki sai an karanta, mu kuwa babban wanmu, Yaya Sale, shekararsa uku ke nan da tafiya. Ni ce kaɗai mai karatun boko a gidan, ina aji uku. Na ajiye jakata, na buɗe takardar, na shiga haɗa baƙaƙen Faransanci ɗaya bayan ɗaya kamar yadda malaminmu, da muke kira mushe, ya koya mana. Da na kai ga kalmar da na tabbata da ita sai na ɗago kai na ce, “Lafiyarsa lau!” Kakarmu Iya ta rangaɗa guɗa, har awaki suka firgita a turke.

Takardar daga Yaya Sale ce, abu ɗaya kuma ya roƙa a cikinta. Ya ce abokan aikinsa kowa yana da hoton gidansu a aljihu, shi ma a aiko masa da na mutanen gida, kowa da kowa, har da ƙaninmu Isufu da aka haifa bayan tafiyarsa.

Aka yi sa'a lokacin cinikin gyaɗa ne, lokacin da Malam Tanko mai hoto yake zuwa daga wajen Daura ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa. Mu yara mun riga mun san shi sarai. In an tashi lakwal, ko an aike mu kai gyaɗa wajen awo, sai mu ajiye kwando mu tsaya kallo har a manta da aike. Yana da zannuwa biyu masu zane da yake ratayawa a jikin katanga, ɗaya gidan bene da matakala da furanni, ɗaya jirgin sama. Ƴan kasuwa sukan zauna a kujerarsa su ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, su janye hannun riga don agogo ya fito. Samari kuwa sukan ari kwat ɗinsa su tsaya gaban jirgin suna cin magani, kai ka ce yanzu suka sauko daga cikinsa.

Kwana uku ana gardama a gidanmu kan irin hoton da za a yi. Baba gidan bene yake so, shi a kujera da babbar riga, mu a tsaye a gefensa da kayan Sallah, kamar yadda ma'aikatan bariki ke yi, don kada ɗansa ya ji kunya a cikin abokai. Iya ta ce ba ta san wannan zance ba. “Benen wa? Yaron nan zai zaci mun sayar da gona mun koma Damagaram!” Ita rumbu take so a ɗauka, a cike, don ya san an yi damina ya kwantar da hankalinsa. Ni kuma jirgi nake so, na faɗa har sau uku ba wanda ya kula ni.

Inna ce kaɗai ba ta ce komai ba. Yaya Sale ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, in ana maganarsa sai ta sami aikin yi a madafa. Amma a rana ta uku, muna surfe ni da ita, sai ta tsayar da taɓarya ba tare da ta dube ni ba ta ce, “Rabi, a takardar nan, wa da wa aka ce?” Na ce kowa da kowa. Ta ce to, ta ci gaba da surfenta. A nan ne abin ya faɗo mini. Inna matar aure ce, ba za ta je ta tsaya a bakin kasuwa maza suna kallo ba. In dai gaban bene za a yi hoton nan, babu ita a ciki, kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta ce a sa ta ba.

Da la'asar Baba ya dawo daga gona yana wanke ƙafa, na ɗauko takardar na durƙusa a gabansa na sake karanta wurin, na ja kalmomin da ƙarfi. Na ce, “Baba, Inna ma ai tana cikin kowa da kowa.” Ya tsaya da buta a hannu, ya dube ni, ya dubi ƙofar madafa. Can sai ya yi murmushi ya ce, “Lakwal ɗin nan dai ta yi rana.” Washegari da kansa ya je ya roƙi Malam Tanko ya zo gida.

Gidan ya ɗauki shiri kamar na suna. Na share tsakar gida sau biyu, na yayyafa ruwa, na kai awaki bayan gida na ɗaure. Iya ta yi mini kitso tana ja ina hawaye, aka sa mini lalle da kwalli, aka wanke Isufu da sabulun salo har yana ƙyalli. Malam Tanko ya iso da hantsi, akwati da kujera a bayan kekensa. Ya zo da zanen benen ma ko za a canza shawara, amma a naɗe ya zauna. Ya zagaya gidan yana duban rana, sannan ya tsayar da mu gaban rumbunanmu uku. Baba dai ya sami kujerarsa da babbar rigarsa, Iya ta zauna a tabarma da Isufu a cinya, ni na tsaya riƙe da littafina don a san ina karatu. Yaran unguwa suka cika zaure, mata maƙwabta suna leƙe ta kan danga.

Inna ce ta fito a ƙarshe, ta ja mayafi har goshi, idonta a ƙasa. A hannunta akwai wani tsohon akushi mai ɗinki a gefe. Malam Tanko ya ce ta ajiye zai ɓata hoto, ta yi kamar ba ta ji ba. Iya ta ce, “Bar ta, Malam, a ciki Sale yake cin tuwo kafin ya tafi.” Ya shige cikin baƙin ƙyallensa, ya fito ya ce kada wanda ya motsa ko ya ƙifta, ya cire murfin gaban akwatin yana ƙirga. Daidai nan wata kaza ta ratsa ta gabanmu, Isufu ya juya kai ya bi ta da kallo.

Takardar farko da ya wanke a bokiti ta fito a juye, fuskokinmu fari fat, farar rigar Baba baƙa ƙirin. Iya ta yi salati ta ce an mai da ita Baturiya, muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya sa wannan takardar a gaban akwatin ya sake ɗaukar hotonta, ya wanke, sai ga mu muna fitowa a hankali a cikin ruwa kamar yadda Allah ya yi mu. Isufu kaɗai ya fito da kai biyu, aka ce a bar shi haka.

Amsa ba ta zo ba sai da aka yi shuka. Na karanta a gindin ceɗiyar: ya ƙirga rumbu, ya ga Iya ba ta tsufa ba, yana gaida ƙaninsa mai kai biyu. A ƙasa kuma ya ce a gaya wa Inna ta adana masa akushinsa. Inna ta miƙe ta ce tuwonta zai kama, alhali ko wuta ba a hura ba. Da na leƙa madafa na same ta zaune tana dariya, tana share ido da gefen zane. Bayan damina biyu ya dawo lafiya, a cikin akushin kuma aka zuba masa tuwon farko.

Yanzu jikokina sukan zo da waya su nuna mini salo iri-iri, wannan kowa da kaya launi ɗaya, wancan a bakin ruwa, su ɗauki hoto hamsin kafin a sha shayi su goge rabi. Ina zama su gyara mini ɗankwali, ina jin daɗinsu ƙwarai. Namu guda ɗaya ne tak, wanda Yaya Sale ya dawo da shi a aljihu, ya yi ja, gefensa ya cinye, kuma cikin waɗanda ke jikinsa ni da Isufu muka rage. Amma duk ranar da na ɗauko shi, gidanmu nake gani da kowa a ciki.