Mutumin Da Ya Kulle Takalmana

Ranar Talata, sha ɗaya ga wata, ina kan aikin wata ƙofa ƙanena ya kira ni ya ce mai hoton asibiti ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ba mai yawan godiya ba ne. Daga aji uku na bar sakandare, da injin walda ɗaya na fara, yau shago huɗu gare ni, na gina gida, ba wanda ya miƙo min ko ƙusa. Kai kaɗai, mai hoto, ka taɓa tanƙwara ni.

Bara kumburi ya fito min a bayan gwiwa kamar ƙwan kaza. Mai kemis ya ce ruwa ne, zai zuƙe da sirinji. Matata ta matsa sai na yi hoto. Ka kwantar da ni rubda ciki, ka shafa man nan mai sanyi, ka nuna min wani baƙin wuri a allon na'ura. "Ga jakar ruwan, ba ta kisa." Na yunƙura, ka ce in dakata. Ashe ba ka sallamar mutum sai ka danna jijiyar jinin da ke kusa da jakar. Ka danna, ta ƙi lotsawa. Ka sake.

"Maigida, jini ya daskare a nan. In ya ɓalle, huhu zai nufa. Ba inda za ka sai likita ya zo."

Na ce mota na jirana da ƙarafa. Ka sunkuya ka ɗauki takalmana ka kulle a durowa.

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani. Mai gudan jini a ƙafar hagu."

Na zage ka a gaban ma'aikata. Ka tare ƙofa har aka turo keken marasa lafiya. Kwana shida na yi a kwance. Da aka sallame ni na bi ta ƙofar ɗakinka, girman kai ya hana ni leƙawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba mai ɗakinka da 'ya'yanka juriyar rashinka. Na ji abokan aikinka na haɗa littafin ta'aziyya don iyalinka. A rubuta sunana cikakke, har da na mahaifina, a ƙarƙashi a sa: wanda ya zage shi, bai koma neman gafara ba.