Anti Bilki da ajiyar da ta yi mana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti Bilki ta rasu.

Da safiyar nan ina ɗaura takalmin makaranta Mama ta amsa waya, sai kawai na ga ta zauna a ƙasa. A Enugu ta cika, gidan yayanta da ke unguwar Uwani, inda ta je jinya.

Ban saba rubutu a nan ba. Waɗanda suka san ni sun san ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma yau na kasa yin shiru.

Maƙwabciyarmu ce a unguwar Mile One, ƙofarta na kallon tamu, kuma ita ke koya mana kwamfuta a makaranta. Ba ta taɓa tsayar da ni a gaban aji ba. Sai dai ta zo ta durƙusa kusa da kujerata, ta yi mini tambayar a hankali.

Muna da wata tsohuwar laftof a gida. A cikinta muryar kakata Inna take, mahaifiyar Mama, wadda ta rasu a Zariya. Saƙonnin murya ne da take aiko mana, gaisuwa da addu'a da faɗa. Babu su a ko'ina kuma, don an sace wayar da suke ciki a unguwar Rumuokoro. In kewa ta dami Mama, su take kunnawa.

Da Anti ta ji haka sai ta riƙe baki, ta kawo wa Mama misali da babana, Alhaji, mai sayar da albasa.

"Maman Safiya, Alhaji yana zuba duk albasarsa a shago ɗaya?"

Mama ta ce a'a, rabi na sito.

"To muryar Inna ba ta kai albasa ba?"

Washegari ta kawo wata 'yar na'urar ajiya mai igiya, ta jona, ta saita. Ta ce mu bar ta a jone, laftof ɗin za ta riƙa kwafe komai a ciki da kanta. Mama kuwa da ta ji muryar Inna na ciki, sai ta zare ta, ta naɗe a ɗankwali, ta sa a kwalla tare da 'yan kunnenta na zinariya.

Anti ta yi dariya har da hawaye. "Haba Hajiya, ai ba kayan lefe ba ne, aiki take so!"

Ta mayar da ita. Sannan ta saita wata ajiyar a intanet, yadda duk sanda muka kunna data komai zai tafi can, ko mun tuna ko mun manta. Ta ce da ni da Turancin buroka, "No fear, e go dey do am by itself, da kanta za ta riƙa yi. Ke dai riƙe kalmar sirrin nan da kyau."

Da damina ruwa ya fasa rufin ɗakinmu muna kasuwa. Laftof da na'urar duka suna kan tebur ɗaya. Mai gyara ya duba ya girgiza kai. Ranar Mama ko abinci ba ta ci ba.

Anti ta riga ta fara ciwo lokacin, amma ta aika a kira ni. Ta miƙo mini kwamfutarta daga kan gado, ta ce in sa kalmar sirrin. Na taɓa saƙon farko, sai ga Inna: "Safiya, kin yi sallah kuwa?"

Ruwa ya cinye komai, ga Inna kuma tana yi mini faɗa. Mama ta jiyo muryar daga ƙofarmu, ta shigo da gudu babu ko takalmi.

Ganina da ita na ƙarshe a bakin layi ne, ana taimaka mata ta shiga keke mai ƙafa uku zuwa tasha. Ta rame sosai. Ta kama hannuna ta ce, "Ki koya wa ƙawayenki. Abin da kike so, kar ki bar shi wuri ɗaya." Ni kuwa kai kawai na gyaɗa.

Yau ban je makaranta ba. Na buɗe ajiyar a wayar Mama don ta ji Inna ko hankalinta zai kwanta. A can ƙasa na ga wani saƙo da ban sani ba. Ashe ranar da Anti ta saita, ta ɗauki murya don ta gwada ko zai tafi.

"Gwaji, gwaji. Safiya, yi magana mana, ba za ta cije ki ba."

Sai shiru, ni ce na ƙi magana. Sai dariyarta.

Ita ta manta ba ta goge ba. Ajiyar ba ta manta ba.

Tana da 'ya ƙarama, Amira, wadda ko magana ba ta gama iyawa ba. Na tura wa baban Amira saƙon, na tura wa yayan Anti a Enugu, namu ma yana nan. Ba zai zauna wuri ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan Anti Bilki, Ya haskaka kabarinta, Ya raya Amira, Ya haɗa Anti da Inna a Aljanna. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ko da bai san ta ba.