Alhaji da ƙwayar ƙarƙashin harshe

Na iske kakana ƙofar gidanshi a Kambarawa dafe da ƙirji, zufa na keto mashi. 'Yan majalisarshi kuwa duk sun zama likitocin zuciya: wannan ya ce zuma, wancan ya ce tafarnuwa.

Na ce, "Alhaji, ina ƙwayar da likita ya ce ka sa ƙarƙashin harshe in ƙirjin ya riƙe?"

"Na daina. Ciwon kai take sa ni."

"Madalla! Sai mu kai ka maƙabarta da lafiyayyen kai."

Ya harare ni, ya lalubo ta cikin aljihu ya sa. Ƙirjin ya lafa, muka wuce asibiti yana ce mani ja'iri.

Naku tsofaffin ma sun fi likita karatu, ko namu ne kaɗai?