Wanda Ya Koya Mini Faɗuwa

Jiya babur ya zame da ni a hanyar Kalambaina. Kafin in yi tunani jikina ya naɗe, na sauka a kan kafaɗa, na miƙe babu karaya. Nan na tuna marigayi kocinmu na Ƙofar Dundaye.

A lokacin ni ne mai tsaron raga a ƙungiyarmu ta ƙwallo. 'Yan gaba suna can suna tsere, ni kuwa sai ya kai ni bakin gulbi in yi ta faɗuwa dama da hagu, yashi mai zafi har cikin haƙora. Wata rana na ce, "Baba, yaushe zan kama ƙwallo?"

Ya ce, "Ɗana, hwara iya hwaɗuwa tukuna. Kahwaɗa ƙasa. Sake!"

Ban taɓa gode masa ba. Allah Ya sassauta masa makwanci yadda ya sassauta mini kwalta jiya.